Wanda Ya Koyi Barin Ƙwallo

Ƙanena Corey ya dawo daga Amurka da guntun ƙarfe a kuncinsa na hagu. Wata ƙungiyar can ce ta ɗauke shi yana ɗan shekara sha takwas, lokacin da duk mai bin wasan besbol a garinmu Adelaide ya san sunan gidanmu, Nankivell, suka yi ta yawo da shi a bas daga wannan ƙaramin gari zuwa wancan, har ranar da wani mai jifa ya sakar masa ƙwallo a fuska. Da ya warke suka gwada shi, suka ga abin da ya saura, suka sallame shi da fatan alheri. Ni dama ban taɓa ƙaunar wasan nan ba. Daga ranar kuwa na tsane shi, kuma har yau ban huce ba.

Ƙashin ya haɗe, idon yana gani garau. Ƙafarsa ta gaba ce ta ƙi mantuwa. Da zarar ƙwallo ta nufo kusa da jikinsa sai ƙafar ta zame ta yi waje, jikin ya bi ta, gorar dukan ƙwallon ta kai wa iska duka. Ba shi yake sa ta ba. Na sha ganinsa a bayan gidan mamanmu yana kallon ƙafar nan kamar ta wani ce aka ba shi ajiya.

Ya kama aikin ɗora faifan sola a rufin gidajen mutane, muka ce to, magana ta ƙare. Sai ga shi a watan Yuni, ana tsakiyar sanyi a ƙasarmu, kocin babbar ƙungiyar garinmu ya kira shi. Za su yi gwaji a Oktoba, suna da gurbin mai duka guda ɗaya, in yana so ya zo. Shekarar Corey ashirin da bakwai. Ɗan besbol da ya kai haka ba shi da ƙungiya, ba a kiransa sau biyu, kuma shi ma ya san da haka.

Ranar ya same ni ina wanke motar aiki. Ni ce babba, Bronwyn, kuma sana'ata raba burodi da fai, wato gasasshen fulawa mai nama a ciki, ga kantuna, daga bakin tashar jiragen ruwa har kudancin gari.

"Yaya," ya ce.

"Tunda na ji Yaya akwai magana. Jiya ai Bron nake."

"Keji nake nema. Ke kika san kowane lungu na garin nan."

"Kiwon kaji za ka fara?"

"Dalla ki bari. Kejin dukan ƙwallo. Amma mai mugun inji nake so, wanda zai riƙa nufo kaina. In ƙafar nan ta saba, za ta daina gudu."

Na kalle shi, na kalli kuncin da likitoci suka yi wa faci. Na ce masa bai da hankali. Ya ce ya sani, ƙarfe nawa zan tashi aiki gobe?

Wurin farko da muka je a unguwar Lonsdale yake, sabo fil, da koren kafet da fitilu kamar asibiti. Ana bikin ranar haihuwar wani yaro a keji na kusa. Corey ya sa hular kwano ya shiga, injin ya fara harbo ƙwallo ta tsakiya, ɗaya bayan ɗaya, kowace a inda ta farko ta bi. Abin da ya yi musu ba na son tunawa, don shi ya fi komai ciwo. Ƙarar gorarsa daban take, kamar an fasa busasshen itace. Yaran suka bar kek ɗinsu suka zo suka manne da raga. Duka bai bar hannun ƙanena ba, ko kaɗan.

Ya fito ya samu manajan wurin, wani mai gemu da ake kira Jarrad, ya roƙe shi ya karkato bakin injin zuwa kansa.

Jarrad ya yi dariya, da ya ga ba wasa ba ne ya daina. "Abokina, ka san abin da masu inshora za su yi mana? Ko ɗan'uwana ne kai ba zan yi ba. Ka ga yadda kake duka kuwa? Me kake nema kuma?"

"Wannan injin ba ya ba ni tsoro."

"Ai don haka muka saye shi."

Haka muka yi ta zagaye gari bayan na tashi aiki, motar tana warin albasa da nama. Wani wuri a Salisbury rufinsa na yoyo, injinsa kuma ya tsufa har kana iya shan shayi kafin ƙwallon ta iso. Wani wurin yana da allon da ke nuna hoton mai jifa yana ɗaga hannu, amma hoto ba ya kuskure, kuma kuskuren shi ne abin da Corey ke nema. A wani wurin kuma mai shi ya gane shi, ya rungume shi, ya ce ya zo ya riƙa koya wa yara ranar Asabar. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Corey ya juya muka koma gida.

Da wurare suka ƙare sai ya koma kejin tsohon kulob ɗinsa, inda har yanzu hotonsa ke rataye a ɗakin shan giya. Abokinsa na yarinta, Brodie Kalleske, ya yarda zai jefa masa da hannu. Yaran kulob suka taru su ga Nankivell na Amurka. Brodie ya jefa masa guda biyu can nesa da jiki, ya doke su. Ta gaba ta ɗan matso ciki, ba ma sosai ba, sai ƙafar ta tsere kamar ta taka wuta, Corey ya ja baya har ya faɗa jikin raga. 

"Hannuna ne ya zame," in ji Brodie. "Laifina ne, abokina."

Da zaginsa ya yi da ya fi sauƙi. A mota Corey ya kifa kansa a gwiwa, ni kuma na kunna rediyo na sake kashewa.

Wurin Des Noack ba nemansa muka yi ba. Wata Laraba Corey ya raka ni kai fai wani kanti a bakin tasha, sai muka ji tim, tim, daga wani tsohon sito da a da ake tara ulun tumaki. Muka leƙa. Ragar wasan kurket ce, doguwa, da inji a ƙarshenta, da wani dattijo a kan ɗan tsani yana zura masa ƙwallaye. Ya haura saba'in, yana sanye da farar hular kurket mai faɗin baki, hancinsa a karkace, yatsunsa biyu sun lanƙwashe. Duk kurket ce ta yi masa haka, kuma yana alfahari da su.

"Besbol?" ya ce da Corey ya yi masa bayani. "Wasan nan da ba a bari ƙwallo ta taɓa ƙasa don kada ta yi datti?"

"Shi fa."

"Tsoro kake ji ke nan."

"Ba ni ba. Ƙafata."

"Kowa haka yake cewa, yaro. Injina yana zuwa duk inda na ce masa. Kai kake so? Zan ba ka kai. Amma a ragata dokata ake bi. Ajiye sandar nan."

"In ajiye gorar?"

"Matsalarku ku 'yan besbol haɗama. Kowace ƙwallo kuna so ku doka. Mutum ba ya daina tsoron ƙwallo sai ya iya tsayawa yana kallonta tana zuwa, bai yi komai ba, ya bar ta ta wuce. Haka aka yi mini magani, haka na yi wa yaran da ba zan iya ƙirgawa ba."

Maganar ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. A gidan kurket muka tashi. Duk bazara babanmu yana gaban talabijin ba riga, kuma babu abin da ke sa shi tafi kamar ya ga mai duka ya ɗaga sandarsa sama ya bar muguwar ƙwallo ta wuce. "Ya bar ta da kyau," haka yake cewa, haka duk filin ke cewa. A kurket barin ƙwallo gwaninta ce, kana iya yini kana barinta ba wanda zai kore ka muddin ba ta taɓa sandunan da ke bayanka ba. A besbol kuwa jifa uku masu kyau suka wuce ka, ka fita. Kowa a ƙasar nan ya san wannan bambancin, har ni mai rabon burodi. Corey ya fi kowa sani. Amma wata guda muna yawo, wannan ne mai inji na farko da bai ce masa a'a ba.

Ya shiga ragar hannu rabbana, sai hular kwano. Ƙwallon farko ta wuce ta gaban hancinsa, ƙafar ta gudu. Des ya zura wata. Ta gudu. Ya zura wata.

Haka suka cinye sanyin shekarar. Corey yana saukowa daga rufin mutane ya wuce sito. Kafaɗarsa da haƙarƙarinsa suka yi baƙi da shuɗi, don Des yana sakar masa wasu a jiki da gangan, wai ya san ba kisa suke yi ba. Mamanmu ta ga bayansa sau ɗaya yana canza riga, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. A hankali Des ya mayar masa da gorar, amma ba don duka ba. Ya koya masa ya riƙa ɗaga ta sama da kafaɗa, ya ɗan kauda kai, idonsa na bin ƙwallon har ta shige raga. Duk wadda ta wuce sai muryar tsohon ta cika siton: "Ka bar ta da kyau."

Kuma ƙafar ta tsaya. Da idona na gani a watan Agusta, ƙwallo tana shafar hular kwanonsa, ƙafar tana nan daram kamar an dasa ta. Corey ya fara cin abinci, ya fara tsokanar mamanmu, ya yi aski. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, duk da wani abu yana ci mini rai a ƙasa.

"Des," na ce wa tsohon wata rana, "yaushe zai fara duka?"

"Ke kuma gaggawar me kike? Duka ai ya iya tun yana rarrafe. Hannu ba ya mantuwa."

"A gwajin nan ba tsayuwa za su duba ba."

"'Yata, ke dai kawo fai. Bar mana ƙwallo."

Na matsa wa Corey har ya yarda muka koma Lonsdale sau ɗaya, ya ɗan motsa hannu. Injin Jarrad yana nan da halinsa, ta tsakiya, ta tsakiya. Corey ya bar 'yan farko suka wuce, ya yi dariya ya ce sabo ne. Da ya yi niyyar duka kuwa, tun kafin gorar ta sauko na ga ƙafar ta yi zillo. Kaɗan ne, amma na gani, shi ma ya ji. A da wannan injin ba ya motsa masa ƙafa. Ashe ba warkewa ta yi ba. Ta dai gane cewa muddin ba duka za a yi ba, ba ruwanta.

Ya fito fuskarsa ta yi fari.

"Ka gani ko?" na ce.

"Ban ga komai ba. Des ya ce kada in haɗa magani biyu. Ke kika ja ni nan."

"Auta, saura wata ɗaya da 'yan kwanaki."

"Na iya lissafi, Bron."

Bai sake taka wani keji ba sai na Des. Na yi masa magana, na yi faɗa, har na kira Brodie ya zo ya same shi, duk a banza. Ya samu wurin da ƙafarsa ke yi masa biyayya, kuma ba mai raba shi da wurin.

Ranar gwajin da safe rana ta fito sosai. Ana gasa tsiran sosej da albasa a bayan benci, iyayen yaran da aka kira sun zo da kujerunsu na naɗewa. Mamanmu ta ce ba za ta iya zuwa ba. Des kuwa ya zo, da farar hularsa har da taye, ya zauna kusa da ni yana tambayata me ya sa filin ya yi kama da yankan kek. An raba 'yan gwajin gida biyu za su yi wasa, kowa zai samu shiga 'yan lokuta. Mai jifan wani dogon yaro ne mai ƙarfin hannu wanda bai gama sanin inda ƙwallonsa ke zuwa ba, irin wanda ya fasa wa Corey fuska sak.

Aka kira Nankivell. Jifar farko ta taso ta nufi haɓarsa. Na rufe baki da hannu. Corey ya ɗan kauda kai kamar mai ba wa ƙuda hanya, ƙafarsa ba ta ko girgiza ba. Na ji mutane suna gunaguni a bayana, don duk sun san labarinsa. Kocin ma ya ɗago kai.

Ta biyu ta zo ta tsakiya, irin wadda yake aikawa bayan shinge tun yana sakandare. Ya ɗaga gorar sama da kafaɗa, ya bi ta da ido har ta shiga safar mai cafewa. Alƙalin wasa ya ɗaga hannu. Ta gaba ma haka, ta bayanta ma haka. Ya fita.

Mutum ɗaya ne ya yi tafi a duk filin. "Ya bar ta da kyau," in ji Des, da ƙarfi, kamar yana sitonsa. Mutane suka juyo suna kallonmu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Des, ya fita fa."

"Ya fita? Ai ba ta taɓa komai ba."

Shigarsa ta biyu ba ta bambanta da ta farko ba. Da yake komawa benci kocin ya tare shi, kuma muryarsa ta iso har inda muke. "Nankivell, gorar nan ta ado ce? Na san ka iya tsayuwa. Duka na kira ka ka nuna mini." Corey ya gyaɗa kai.

Shigarsa ta ƙarshe ita ce ba ta barina barci. Biyu masu kyau suka wuce shi, saura ɗaya. Ya fita daga layi, ya goge hannu a wando, ya dawo. Na san tsayuwar ƙanena, na ga ya yi niyya. Yaron ya ɗaga hannu, gorar ta fara saukowa, sai na ga diddigen ƙafar ya ɗaga daga ƙasa. A wannan ɗan ƙiftawar ido ya san abin da zai biyo baya in ya ƙarasa dukan, a gaban kocin, a gaban Brodie, a gaban duk wanda ya taɓa sanin sunansa. Sai ya danne ƙafar, ya mayar da gorar sama. Ƙwallon ta wuce ta tsakiya, lafiya lau.

Wannan karon Des bai yi tafi ba. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa yana murza bakinta.

Corey ya zo bakin shinge inda nake, gumi na zuba daga hular kwanonsa. Murmushi yake yi, kuma murmushin ne ya karya ni.

"Kin gani? Ba ta motsa ba."

"Na gani, Auta."

"Ko sau ɗaya."

"Na gani."

Ya tsaya yana riƙe da wayar shingen, yana jira in ƙara wani abu. A bayansa an riga an kira suna na gaba.

Kocin ya ba shi hannu da aka tashi, ya ce ya gode da zuwa. Gurbin wani ɗan shekara sha tara aka ba wa, wanda ya kai duka ya kuskure sau da yawa, amma ya samu guda ɗaya ta tafi har shinge. Na ɗauka Corey zai yi kuka, ko ya yi kwana biyu yana shan giya, ko ya je ya zazzage wa Des. Da ya yi ɗaya daga ciki da na samu sauƙi. Ranar Litinin ya hau rufin mutane kamar kullum.

Sai bayan Kirsimeti mamanmu ta ce mini ba ta ganinsa ranar Asabar, ko ya yi budurwa ne? Na ce zan bincika, alhali na riga na san inda zan same shi. Tun daga bakin titi na ji tim, tim, daga siton.

Zafi ake kamar tanda a ciki. Des yana kan tsaninsa, ya rame, kuma da ya gan ni ya kauda ido. Corey yana cikin raga da hular kwano, hannayensa biyu a goye a baya. Ba gora a hannunsa, ba gora a ko'ina cikin siton.

"Ina gororinka?" na tambaye shi.

"Na ba wa yaran kulob."

"To me kake yi a nan? Gwajin ya wuce, Corey. Ba wanda zai sake kiranka."

"Na sani."

"Na ce masa ya daina zuwa," in ji Des, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na rantse na ce masa. Sai in zo in tarar da shi a bakin ƙofa yana jirana."

Corey bai juyo ba, idonsa yana kan bakin injin.

"Nan kaɗai ne ba na jin tsoro, Bron," ya ce. "Ki bar ni. Des, saka wata."

Tsohon ya kalle ni, ya kalli ƙwallon da ke hannunsa, ya daɗe a haka. Sannan ya zura ta.